Kafin Yaro Ya Jefa Fatsa

Yaron da ya tashi a Kurmin Mashi ba ɗan bakin ruwa ba ne. Abin da ya buɗi ido ya gani shi ne titin Nnamdi Azikiwe da manyan motocin da ke ratsa shi dare da rana, da katangar tsohuwar makarantar horar da hafsoshin soja, da maƙeran Panteka da ba su da nisa. Kogin Kaduna yana can gabas da kudu, sai an hau abin hawa an ratsa gari kafin a ga bakinsa. Amma da zarar damina ta kankama, kwari ya ɗauki ruwa, kududdufai sun cika, sai ka ga yara tsamo-tsamo da gwangwanaye da tsumman gidan sauro suna bin 'yan mitsi-mitsin kifaye. Babu wanda ya aike su. Ruwa ne ke kiransu, kuma duk tsawar da uwa za ta yi ba ta hana su amsawa. Ke nan zuwa ruwa dai yaro zai je, abin da ya rage ga iyaye shi ne wanda zai fara kai shi.

Akwai mutanen da Allah Ya hore wa iya wannan aiki, kuma ni a wurina gwanintarsu ta cancanci a tsaya a dube ta da kyau. Wasunsu sarkawa ne da suka gaji su iyaye da kakanni, asalinsu Kabi ko Yawuri, neman abinci ya kawo su bakin wannan kogi. Wasu Nufawa ne, waɗanda ƙasarsu ce kogin ke ƙarasawa cikinta kafin ya haɗu da Neja. Wasu kuma ma'aikata ne kawai ko 'yan kasuwa da suka tashi da fatsa a ƙauye, ba su yar da ita ba ko da suka zama mutanen birni. Kama kifi da koya wa ɗan shekara shida kama kifi ayyuka ne biyu daban. Masunci da yawa zai cika maka kwando kafin hantsi, amma ka ba shi yaro, kafin azahar ya sa shi kuka. Gwanin da nake magana a kansa shi ne wanda ya san abin da ake fara nuna wa yaro da abin da ake jinkirtawa, ya kuma iya janye hannunsa a daidai lokacin da kowa zai kai nasa.

Zuwan farko ba ya ba yaro ƙugiya ko kaɗan. Riƙe masa hannu yake yi su bi gaɓa a ƙafa, yana nuna masa ruwa. Da rani, lokacin da kogin ya ja baya duwatsunsa suka fito fili a wajejen Kabala da gefen lambun Gamji, komai yana bayyana: ga inda ruwa ke gudu a kan tsakuwa, iyakarsa idon sawu, ga inda ya yi shiru ya yi duhu, nan ne zurfi, ga inda yake juyawa yana haɗiye ganye, nan ko babba ba ya wasa. Sai ya sa yaron ya taɓa gansakukar da ke jikin dutse da yatsa ya ji santsinta, domin dutsen da ya yi kore shi ne ke kayar da mutum. Ya nuna masa wuraren da masu haƙar yashi suka yi aiki, inda ƙasa ke tafiya sannu a hankali sai kwatsam ta yanke ta zama rami.

Akwai darasi ɗaya da ba ya ɗagawa zuwa gobe. Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos yake tasowa, kusa da Vom, kuma yana tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya faɗa Neja. Ma'anar wannan ga mai zama a bakinsa ita ce ruwan na iya ƙaruwa alhali ko ɗigo bai sauka a Kaduna ba, saboda an kwana ana sheƙa shi a can sama. Don haka gwani yakan kafa ɗan tsinke a daidai bakin ruwa ya ce, "Ɗana, aikinka na yau ke nan. In ka ga ruwa ya taɓa wannan tsinken ya wuce, ka gaya mini." Yaro ya samu abin tsaro, yana ji da kansa, bai san an dasa masa ɗabi'ar da za ta tsare ransa ba. Haka nan ake koya masa cewa ruwan da ya sauya launi ya yi ja, ya fara ɗauko karmami da robobi, sallama yake yi wa na bakin gaɓa. Mutanen Kaduna da suka ga ambaliyar 2003 da ta 2012 ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan abin da kogin nan ke iya yi a watannin Agusta da Satumba. Shi ya sa masu hankali ba sa fara koya wa ƙaramin yaro a tsakiyar damina, sai kaka ta wuce ruwa ya kwanta.

Wannan taka-tsantsan ba tsoro ba ne na banza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Ƙaramin yaro ba ya ihu idan yana nutsewa, shiru ake ji. Saboda haka ƙa'idar gwani ita ce yaro ba ya yin nisan da hannu ba zai kai gare shi ba, kuma ba ya ɗaukar yara biyar shi kaɗai ya ce zai iya da su. Ɗaya ko biyu, shi ke nan.

Sai a zo kan kayan aiki, kuma a nan ne nake ganin hikimar ta fi fitowa. Ana sayar da sandunan fatsa na kanti masu ɗan keken naɗe zare, amma wanda ya san yara ba ya fara musu da su, domin zaren kan cukurkuɗe, rabin yini ya tafi a warwara. Siririyar gora yake yankowa, marar nauyi, wadda ba ta fi tsawon yaron da yawa ba. Zaren roba kuma ba ya wuce tsawon sandar, don yaro ya iya ɗaga kifi ya kawo shi gaɓa da ɗagawa ɗaya. Ƙugiya ƙarama ƙwarai yake zaɓa. Sabon shiga kullum babbar ƙugiya yake so, wai don ya kama babban kifi, alhali ƙaramar ƙugiya tana kama babba da ƙarami, babba kuwa ba ta shiga bakin ƙaramar karfasa, sai dai a yi ta cinye maka tana kana kallo. Kafin ya ɗaura ta, yakan sa filaya ya danne 'yar ƙayar nan da ke bayan tsininta. Kifi ɗaya ko biyu za su kuɓuce saboda haka, ya sani, amma ranar da ƙugiya ta shiga yatsan yaro, kuma tana nan tafe, za ta fita salin-alin ba sai an tsaga ba.

Abin da zai yi yawo a kan ruwa ya ba da labarin abin da ke faruwa a ƙasa, guntun totuwar kara ne ko ɗan yankin soson tsohon silifas. Abin nauyin da zai nutsar da ƙugiya kuwa, da yawa dalma suke matsawa, har wasu da haƙori suke danne ta. Mai lura ba ya barin yaro ya kai dalma baki, domin guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yara, kuma abin da ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010 bai kamata a manta da shi ba. Ƙaramar tsakuwa ko ɗan guntun ƙarfe ya wadatar. Duk wannan haɗi a gaban yaron ake yin sa, da hannunsa a ciki: shi ke riƙe zare, shi ke jiƙa ƙullin kafin a ja shi ya kame, shi ke gwada ƙarfinsa. Fatsar da yaro ya haɗa da kansa ba ya jefar da ita a hanya.

Haƙar tana ma darasi ce. Ana zuwa inda ƙasa ke da laima, gindin ayaba ko bayan randa ko gefen lambu, a tona a hankali, a zuba a gwangwani tare da 'yar ƙasarta don kada ta bushe. In ba a samu ba, gara tana yi, haka ma ɗan curin tuwo ko ƙullun fulawa ga karfasa. Wani yaron ƙyamar tana yake yi, musamman a karon farko. Gwani ba ya yi masa dariya, ba ya kuma tilasta shi. Sai ya soka da kansa yau, gobe ya ce, "Riƙe mini nan," jibi sai ka ga yaron na yi ba tare da an ce masa ba. Kuma ba maza kaɗai ba. Yarinya ƙarama da aka zaunar kusa da babanta ko kawunta takan riga 'yan'uwanta maza gane motsin totuwa, domin sau da yawa ta fi su natsuwa.

Zaɓen wurin zama shi ne sirrin da ba kowa ke lura da shi ba. Wanda ya fito don kansa zurfi yake nema, inda ragon ruwa ko babbar tarwaɗa ke kwance, kuma zai iya yini bai samu komai ba, bai damu ba. Wanda ya fito don yaro kuwa, gefen ciyawa yake nema, inda ruwa bai kai gwiwa ba kuma ƙananan karfasa sun yi dandazo. Dalilinsa shi ne haƙurin ƙaramin yaro gajere ne, dole a ba shi abin da zai riƙe kafin ya ƙare. Kifin da bai fi yatsu uku ba, in ya zo da wuri, ya fi giwan ruwan da aka yi alkawari. Da sassafe ake zuwa ko bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi kifi ya matso gaɓa neman abinci. A zauna ta yadda inuwa ba za ta faɗa kan ruwa ba, a daina buga ƙafa. Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma, kuma gaskiya ce har a ilmance: ban da idanu, kifi na da wani layi a kowane gefen jikinsa, daga bayan kai zuwa wutsiya, da yake jin girgizar ruwa da shi. Idan aka kama na farko, gwani kan juya shi ya nuna wa yaro layin da farce ya ce, "Ka ga kunnensa na biyu. Da wannan ya ji takunka tun kana can." Daga ranar ba sai an sake cewa a yi shiru ba.

Sai kallon totuwa. Tana da harshenta, kuma fassara shi ne ainihin fatsa. In tana rawa sama-sama tana 'yan tsalle-tsalle, ƙananan kifaye ne ke tsattsagar tana, ba a ja. In ta kwanta ta fara tafiya gefe a hankali, an ɗauka ana tafiya da ita, a shirya. In ta nutse gaba ɗaya ta ɓace, to yanzu ne. Tarwaɗa takan ja ƙasa da nauyi, karfasa kuwa sai ta yi ta ɗanɗane kafin ta yarda. Jan ma ba fizga ba ce ta ƙarfi da za ta tsinka zare ko ta wurga kifi bisa bishiya, ɗan ɗaga wuyan hannu ne, gajere, sannan a ɗago sanda.

A wannan gaɓar ce ake bambance gwani da wanda ya iya kama kifi kawai. Totuwa ta nutse, yaro ya daskare, babba yana gani kifi zai tafi. Hannun kowane babba ƙaiƙayi yake yi ya fizge sandar. Shi gwani ba ya taɓa ta. Abin da zai ce bai wuce "Ja, ɗana" ba, da murya ƙasa-ƙasa. In kifin ya tafi, ya tafi, sai ya ce, "Ya ci nasa rabon, sa masa wata." Domin ya san kifin da babba ya ciro ya miƙa wa yaro ba na yaron ba ne, kuma yaron ya sani. Abin da ake so ya shiga jikinsa shi ne wannan karkarwar da ke biyo zare ta hau sanda ta iso tafin hannu, wadda ba a iya kwatanta ta da baki. Kamar koya wa yaro keke ne: sai an saki sirdi yake iyawa, kuma sakin ya fi riƙon wuya. Ina girmama mutumin da ya iya danne gwanintarsa a gaban ɗan ƙaramin yaro, ya bar shi ya yi kuskure har ya gano da kansa.

Wata dabarar kuma ita ce tashi tun ana marmari. Da ya ga yaro ya fara wasa da yashi ko jifan ruwa da tsakuwa, ba ya tsawata masa. Ko dai ya bar shi ya yi wasansa, ko ya naɗe zare ya ce a tafi gida. Yaron da aka ɗauke shi daga bakin ruwa yana cewa "Baba, saura ɗaya," shi ne zai tashe ka da asuba mako mai zuwa.

Kifi ya fito gaɓa, aiki bai ƙare ba, domin kowanne da yadda ake kama shi. Karfasa tana da ƙayoyi a gadon baya, sai a shafo su daga kai zuwa baya su kwanta kafin a damƙe. Tarwaɗa santsi gare ta, kuma tana da ƙaya a kowane gefe bayan kai, don haka a bayan ƙayoyin ake sa yatsu. Kurungu ya fi ta sharri, yakan miƙe ƙayoyinsa ya kulle su, sukarsa kuma tana da raɗaɗi, yana ta gurnani a hannu. Tsage haƙora gare shi a fili, ba a kai yatsa bakinsa. Minjirya kuwa, mai taushin jiki da ɗige-ɗige, ba a taɓa ta da hannu sam, domin wutar da take saki tana iya kaiwa ɗaruruwan bolt. Yaro na haddace waɗannan sunaye da saurin da zai ba ka mamaki, kuma kowane suna da labarinsa. A gaya masa tarwaɗa na iya shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take daɗewa da rai a bokiti bayan sauran sun mutu. A gaya masa gaiwa kan shige cikin laka ta yi barcin rani sai ruwa ya dawo. Ɗan makarantar da ke hamma a ajin kimiyya, a nan baki buɗe yake saurare.

Akwai lokacin da nake ganin ya fi kowanne daraja. Wani jinsin karfasa, uwar a bakinta take renon ƙwanta da 'ya'yanta har su yi wayo. Wani lokaci a ciro ta, sai ta amayar da ƙwai ko 'yan ƙananan kifaye a tafin hannu. Gwani kan kira yaron ya gani da idonsa, sannan ya tambaye shi, "To, yaya za mu yi da ita?" Kusan kullum yaron da kansa ke cewa a mayar da ita. Sai a jiƙa hannu, a zare ƙugiyar a hankali, a sa ta cikin ruwa a buɗe tafi. Daga nan bayanin sauran ya zo da sauƙi: me ya sa ba a tace kogi da gidan sauro, wanda ke kwashe har 'ya'yan da ba su kai ƙwayar shinkafa biyu ba, me ya sa zuba gamalin a ruwa zalunci ne ga kifi da mai cin kifin da mai shan ruwan. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da abubuwan fashewa, amma jami'i ba ya kwana a bakin kogi. Wanda ya taɓa mayar da uwar karfasa ruwa da hannunsa yana ɗan shekara bakwai, da wuya ya girma ya zuba guba a gurbi.

Wannan ba sabon tunani ba ne a ƙasar Hausa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, ya ginu ne a kan hani: ana tsare kogin Matan Fada a hana su a cikinsa har ranar da aka ba da izini, shi ya sa ake fito da giwan ruwan da sai an taru ake ɗaga shi. Mazajen da ake gani sun rungumi gora suna riƙe da homa, da masu wasannin kabanci na ninƙaya da nutso da tseren kwale-kwale, babu wanda ya fara da girmansa. Kowannensu akwai wanda ya taɓa riƙe masa hannu a ruwan da bai kai cibiya ba.

Mai kai yaro kogin Kaduna yana da ƙarin abin lura da na Argungu bai cika damuwa da shi ba. Ruwan da ya ratsa birni ya kwashi dattin magudanai da na yankin masana'antu na Kakuri ba ɗaya yake da wanda bai shigo ba tukuna. Don haka wanda zai ci abin da ya kama gara ya haura sama, wajejen Malali da Rafin Guza. Sannan ga tsargiya, wadda ake ɗauka ta fata idan aka daɗe cikin ruwan da ke kwance mai ƙananan dodon koɗi. Shi ya sa ake zaunar da yaro a busasshiyar gaɓa maimakon a bar shi tsaye cikin ruwa, kuma in aka ga jini a fitsarinsa asibiti ake nufa, maganinta sananne ne. Ga 'yan ƙanana sosai kuma, akwai hanya mai sauƙi a cikin gari: masu kiwon tarwaɗa a tankuna da ƙananan tafkuna sun yawaita a Kaduna, kuma in aka nemi izinin mai shi aka biya kuɗin abin da aka kama, yaro zai ji daɗin jan kifi ba tare da igiyar ruwa ba.

In an dawo gida, gwani ba ya karɓe kifin ya miƙa. Yaron ne ke shiga da shi da kansa ya ce, "Umma, ga cefane." Uwa mai hikima kuma ba ta raina shi, ko da 'yan karfasa uku ne. Ta kankare, ta sa gishiri da yaji, ta soya, a ɗanɗana wa kowa har kaka, a yi masa sannu da aiki a sa masa albarka.

Sauran matakan a hankali suke zuwa, kuma ba a tsallake ko ɗaya. Iyo ne ke biye, a ruwa marar zurfi, babba na tsaye a ciki. Bayansa a fara tafiya da shi duba gura, wato tarkon kifi, da sassafe, ya koyi inda ake kafa ta da dalilin da ya sa bakinta ke fuskantar inda yake fuskanta. Kwale-kwale sai ya iya iyo sosai, kuma da rigar kariya in akwai. Birgi, wato ragar jifa, shi ne na ƙarshe, sai ƙashinsa ya yi ƙwari, domin jifansa aikin ƙugu da kafaɗa ne, kuma igiyarsa a wuyan hannu ake ɗaure ta. In ragar ta maƙale a dutse ruwa na ja, mai jifan take ja, don haka ba a ɗaura wa yaro ita sai an ga ya iya zare hannunsa daga madauki idonsa a rufe.